Agwagwa da Ɗanɗanen Dorina

Ranar Laraba ce, sha ɗaya ga watan Safar, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, Agwagwa ta ƙudura fara sayar da ƙosai a bakin kogi. Ta iya suya, ga girman kai. Jari ne kawai babu.

Ta fara zuwa wurin Bushiya, wadda ba ta ɓoye magana.

"Zan ba ki wake da kasko," in ji Bushiya, "amma kowane ƙosai goma, ɗaya nawa ne."

"Ɗaya cikin goma! Ke da ko tsawon ludayi ba ki kai ba? Ai wannan fashi ne da rana tsaka!"

Ta kaɗa bindi, ta nufi wurin Dorina.

"Ƙanwata, ni riba ba ta dame ni ba," in ji Dorina. "Ga buhun wake, ga babban kasko, ki maido mini da kaka. Ɗanɗane kawai zan riƙa yi kowace safiya, kamar kowane mai saye."

Agwagwa ta koma tana taƙama, tana gaya wa kowa ta sami jari kyauta.

Washegari masu saye suka yi layi har gindin tsamiya. Dorina ta fito daga ruwa, ta wangale baki, ta juye kaskon farko gaba ɗaya.

"Haba Yaya! Ɗanɗane fa kika ce!"

"To me na yi? Gishiri ya yi kaɗan. Soya wani in ji."

Na biyu, yaji ya yi yawa. Na uku ne ya yi daidai.

Haka kullum. Ana yabon ƙosan Agwagwa, ciniki na tafiya, amma abin da ta samu a mai da itace yake ƙarewa. Da kaka ta yi, Dorina ta zo karɓar buhunta, ba ko ƙwayar wake. Ta ɗauki kaskonta, ta haɗa da rumfar Agwagwa da tabarmarta.

"Kada ki damu, ƙanwata," in ji ta. "Baɗi ma ki zo."

Darasin, 'ya'yana, shi ne kowane jari yana da bakin da yake ci. Kafin ka karɓa, auna cinsa, ka gwada da abin da sana'ar za ta kawo. In cin ya fi, mai jarin kake yi wa wahala.

Da la'asar ta ranar da Dorina ta kwashe kayan, waɗanda suka rage a bakin kogi su ne Agwagwa, da duwatsun murhu uku, da wani ƙadangare da bai ji labari ba, yana jiran suya, yana gyaɗa kai.