Tsit da Baƙo Mai Rigar Maiƙo

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani gari a cikin ƙirjin Lantana mai ƙosai, sunansa Huhu. Mai gadinsa Haɗiyau ne, ƙato mai tumbi. Duk mugun baƙon da ya biyo numfashi, sai ya lanƙwame shi, ya aika wa masu girkin da ke cikin tumbinsa takarda: "A hura wuta!" Su dafe shi luguf.

A tumbin nan akwai wata 'yar mitsitsiyar mata, Tsit. Aikinta ɗaya: in wuta ta so yin yawa, ta zauna a kan takardar, masu girki su kasa karanta ta, kada gari ya ƙone. Amma ko sannu ba wanda ya taɓa yi mata, abin kuwa yana cin ta a rai.

Ran nan Haɗiyau ya haɗiye Tibi, baƙo mai rigar maiƙo. Takarda ta fito. Tibi ya durƙusa gaban Tsit. "Ranki ya daɗe, uwar gari! Zauna mana."

Wayyo, daɗi kashe Tsit! Ta zauna daram.

Ta biyu ta fito. "Hajiya babba, zauna mana." Ta zauna. Ta uku ma haka. Murhu ya huce, Tibi ya miƙe ƙafa, ya yi ta zuba 'ya'ya kamar kiyashi.

Lantana fa? Tari ba dare ba rana, zani har zamewa yake daga ƙugunta. Masu sayen ƙosai suka watse.

Wata rana Tsit ta jiyo 'ya'yan Tibi. "Baba, wace ce waccan?"

"Wata sakara ce. Da gaisuwa ɗaya na saye ta."

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Takarda ta sake fitowa, Tibi ya durƙusa. "Ranki ya..."

"Riƙe gaisuwarka, ɗan banza!" Ta miƙe zumbur. Masu girki suka karanta, wuta ta kama bal-bal, Tibi ya dahu har rigarsa. Lantana kuma ta je asibiti, ta sha magani wata shida ba fashi, ƙosai ya dawo kasko.

Amma fa wasu 'ya'yan Tibi sun laɓe a lungu, suna barci. Har yau in Tsit ta gyara zani kamar za ta zauna, sai su buɗe ido ɗaya: "Ranki ya daɗe..."

Don haka mai yi muku aiki shiru, ku gaishe shi kafin maƙiyi ya riga ku.

Ƙurunƙus! Kai mai tarin can, gobe sai asibiti.