Hoton da Shamsuddeen ya Ɗauka ta Taga

A wata unguwa da ke bayan tashar mota a Kontagora akwai wani saurayi mai suna Shamsuddeen, ɗan Malam Mahmudu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Shamsuddeen ba daƙiƙi ba ne, ba shi da rowa, kuma ba mafaɗaci ba ne. Cutarsa ɗaya ce, wato zargi. Idan ka gaishe shi da fara'a, sai ya ce akwai abin da kake nema. Idan ka gaishe shi a gurguje, ya ce an kai maka gulmarsa. Ko mai shayi ya cika masa kofi fiye da kullum, sai ya tsaya yana kallon kofin yana kallon mai shayin. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da yake wahalar da kansa a banza kamarsa ba.

Yana karatu a wata kwalejin horar da malamai, a sashen lissafi. Babban burin mahaifinsa shi ne ya ga ɗansa ya riƙe alli kamar yadda shi ma ya riƙe. Amma Shamsuddeen ba ya zama karatun haɗin gwiwa da 'yan ajinsu, wai za su kwashe masa basira. Ba ya zuwa wurin malami ya yi tambaya, wai malamin zai gane inda yake da rauni ya kama shi a jarrabawa. A haka makinsa ya yi ta zamewa har ya faɗi ƙasa da abin da kwalejin ta ƙayyade.

Shugabar sashen, Malama Salihatu, ta kira shi ofis. Mace ce mai magana a hankali, amma ba ta ɓoye gaskiya.

Ta ce, "Zauna, Shamsuddeen. An sa ka a matakin gargaɗi, abin da kuke kira furobeshan. Ka san ma'anarsa? Zango ɗaya ya rage maka. Idan makinka bai tashi ba, za a sallame ka. Idan kuma aka same ka da laifin ɗabi'a a wannan tsakanin, ba ma sai an jira maki ba."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, wa ya kawo sunana?"

"Babu wanda ya kawo sunanka. Makinka ne ya kawo ka. Amma ka yi sa'a, zangon nan na gwajin koyarwa ne, kuma makinsa yana da nauyi. Idan ka yi shi da kyau, ka tsira."

Ya fita yana cewa a ransa, ai dama ba za ta faɗi sunan mutumin ba.

Aka tura shi wata ƙaramar sakandare a Kaboji tare da ɗalibai biyu: Ridwan, ɗan ajinsu a sashen lissafi, da Margaret, wadda ke karantar Turanci. Ranar da suka isa, shugaban makarantar, Malam Husaini, ya zaunar da su ya maimaita musu dokokin da kwaleji ta riga ta faɗa musu. Ɗalibin malami ba ya dukan yaro. Namiji ba ya keɓewa da ɗalibai mata sai da wata malama a wurin. Ba a ɗaukar hoton yara a yaɗa ba tare da izini ba. Ya ƙara da cewa, "Iyayen garin nan da ƙyar muka shawo kansu suka bar 'ya'yansu mata suna zuwa. Amana ce. Ku riƙe mini ita."

Shamsuddeen ya lura Malam Husaini ya kalle shi lokacin da ya ce amana. Gaskiyar magana, su duka ukun ya kalla, amma Shamsuddeen nasa kallon kaɗai ya ƙirga.

Aka ba shi aji ɗaya, aka ba Ridwan aji biyu, aka kuma haɗa su ɗaki guda a bayan makaranta. Koyarwar Shamsuddeen ba ta da wuyar bayani. Yana shiga aji sai ya juya wa yara baya, ya cika allo da lissafi, ya ce su kwafa. Ba ya yarda a yi masa tambaya, domin a ganinsa duk yaron da ya ɗaga hannu turo shi aka yi ya gwada shi. Yara suka koyi yin shiru, shi kuma ya ɗauka sun gane.

Wata rana da hantsi, lokacin hutun tara, wayar Ridwan ta yi ƙara a kan benci. Shamsuddeen ya leƙa ya ga sunan Malama Salihatu. Ridwan ya ɗauki wayar ya nufi gindin dalbejiyar da ke bakin fili, domin a makarantar nan wurin kaɗai ake samun sabis mai kyau. Da ya dawo, Shamsuddeen ya tare shi.

"Mutumina, me ke tsakaninka da shugabar sashe?"

Ridwan bai yi wata kwana-kwana ba. Ya ce, "Kai ne. Ta ce in riƙa taimaka maka, kada zangon nan ya kuɓuce maka. Kuma tunda ka tambaya, bari in faɗa maka: yaranka ba sa ganewa. Sufabaizan da kwaleji ke turowa duba aikinmu in ya zo, ba allo kawai yake dubawa ba, yara yake yi wa tambaya. Mu zauna yau mu tsara darasinka tare."

Shamsuddeen ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Na gode. Wato kai ne idonta a nan."

"Wane irin ido kuma? Taimako na ce."

"Na ji. Allah ya bar zumunci."

Abin takaicin ke nan. An faɗa masa gaskiya tsirararta, amma da yake ba ta yi kama da abin da ya riga ya saƙa a ransa ba, sai ya ɗauke ta ƙarya. Daga ranar ya daina cin abinci kwano ɗaya da Ridwan. Idan Margaret ta yi dariya a ɗakin malamai, da shi take. Idan Malam Husaini ya wuce ta gefen ajinsa, leƙen asiri ya zo. Ya yanke shawara cewa tunda Ridwan yana tara masa laifi, shi ma sai ya samo na Ridwan ya riƙe a hannu.

Sai ya fara lura cewa idan an tashi daga makaranta, Ridwan ba ya dawowa ɗaki da wuri. Ran wata Alhamis ya bi sawunsa. Ya same shi a wani aji na can ƙarshen gini, tsaye gaban allo, yara suna zaune suna saurare. Kamar yadda aka saba a makarantar, mata suna layin da ke gefen taga, maza suna ɗaya gefen. Margaret tana zaune a baya kusa da ƙofa tana duba littattafan ajinta.

Shamsuddeen ya ga mazan, ya ga Margaret. Amma ya laɓe a jikin taga, ya karkata wayarsa yadda ba abin da zai fito sai Ridwan da layin 'yan mata. Ya jira har Ridwan ya sunkuya kan bencin wata yarinya yana nuna mata kuskurenta, sannan ya ɗauka. Bai ko tsaya duban fuskokin yaran ba, hankalinsa duk yana kan Ridwan. Ya tafi gindin dalbejiya ya tura hoton a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinsu, ya rubuta a ƙasa: "Masu kai rahoton wasu, ga abin da suke yi bayan an tashi." Ya koma ɗaki yana jin kamar ya sauke kaya.

Washegari Juma'a, ba zato ba tsammani, sai ga sufabaiza daga kwaleji a kan babur. Ya shiga ajin Shamsuddeen ya zauna a baya. Da darasi ya ƙare, ya miƙe ya fara yi wa yara tambayoyi kan abin da aka koya musu tun farkon zango. Shamsuddeen ya koma gefe yana jiran a kunyata shi. Amma sai hannuwa suka tashi. Wata yarinya mai suna Nusrat ta fita ta warware lissafin a allo tsaf, wasu suka biyo bayanta. Sufabaiza ya gyaɗa kai, ya ce, "Malam Shamsuddeen, koyarwarka tana buƙatar gyara, amma yaranka sun gane. Wannan shi ne aikin." Shamsuddeen ya raka shi har bakin hanya yana tafiya kamar zakara, yana cewa a ransa, duk da makircinsu ga shi ya yi nasara.

Magana dai zarar bunu ce. Hoton bai tsaya a guruf ba. Wani ya tura wa wani, wani ya ƙara nasa gishirin, kafin Asabar ya iso wayoyin mutanen Kaboji. Ranar Litinin layin taga ya kasance kusan babu kowa. Iyaye maza suka cika ofishin Malam Husaini, wasu suna neman a fito musu da Ridwan. Da ƙyar dattijon ya lallashe su. Kafin azahar kwaleji ta kira ɗaliban uku su dawo Kontagora su gurfana gaban kwamitin ladabtarwa.

Malama Salihatu tana cikin kwamitin, Malam Husaini ma ya zo. Ridwan yana zaune idanunsa sun yi ja. Shugaban kwamitin ya ɗora waya a kan tebur ya tura ta gaban Shamsuddeen.

"Kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na ga abin da bai dace ba ne."

"Margaret ta ce tana cikin ajin, kuma akwai yara maza. Ka gan su?"

Shamsuddeen ya ce, "Ai dole ta kare shi. Bakinsu ɗaya."

Malam Husaini ya gyara zama. Ya ce, "Ni na ba da izinin darasin nan, ni na ce Margaret ta riƙa zama. Amma bar wannan. Ɗana, dubi hoton da kyau. Yaran wane aji ne?"

"Ajinsa mana."

"Duba dai."

Shamsuddeen ya ɗauki wayar ya buɗa hoton. Yarinyar da Ridwan ya sunkuya a kan bencinta, Nusrat ce. Ta kusa da ita ma ya gane ta, da ta bayanta. Duk waɗanda suka ɗaga hannu ranar Juma'a ne.

Malam Husaini ya ce, "Ajinka ne. Ka ƙi a taimake ka, shi ne yaron nan ya zo ya roƙe ni in bar shi ya riƙa maimaita musu darussanka bayan an tashi, don kada sufabaiza ya zo ya same su ba su san komai ba. Ya ce kada a faɗa maka, za ka ɗauka raini ne."

Shamsuddeen ya juya wajen Ridwan. "Don Allah, mutumina..."

Ridwan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mahaifiyata ta ga hoton nan, Shamsuddeen. Jiya ba ta ci abinci ba."

Kwamitin bai daɗe yana shawara ba. An wanke Ridwan, aka ce a sanar da hakan a kwaleji da Kaboji. Shamsuddeen kuwa an same shi da yaɗa hoton ɗalibai ba izini, da yi wa abokin aiki ƙazafi da gangan, alhali yana matakin gargaɗi. Aka kore shi.

Da kowa ya watse, Malama Salihatu ta tsayar da shi a baranda. Ranta a ɓace yake, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Makin da sufabaiza ya ba ka ya iso ofishina da safen nan. Ya isa ya fitar da kai daga gargaɗi. Ka riga ka tsira tun ranar Juma'a, da ka bar wayarka a aljihu."

Yawancin 'yan matan sun koma makaranta bayan Malam Husaini ya bi gida-gida yana bayani. Nusrat ba ta koma ba. Mahaifinta ya ce ya yarda Ridwan ba shi da laifi, amma ba zai sake kai 'yarsa inda malami zai laɓe a taga ya sa ta a waya duniya ta gani ba.

Shamsuddeen ya hau Keke Napep ya koma gida da jakarsa. Ya tarar da Malam Mahmudu a zaure, labari ya riga shi isowa. Ya durƙusa, ya buɗe baki zai fara, "Baba, wallahi haɗa mini kai aka..."

Tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Wa ya riƙe wayar?"

Shamsuddeen ya sunkuyar da kai. Karo na farko a rayuwarsa ya nemi wanda zai zarga, ya duba gabas da yamma, bai sami kowa ba sai kansa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a gina ƙarya a kansa. Mai yawan zargi yakan kori hannun da aka miƙo don a cece shi, kuma cutarwarsa ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai. Duk mai son zama malami ya sani cewa maki kaɗai ba ya ba mutum alli. Dokokin ɗabi'a da ake gindaya wa ɗaliban koyarwa ba don a takura musu aka yi su ba, an yi su ne don kare yaran da iyaye suka ba da amana, da mutuncin abokan aiki. Idan makinka ya faɗi, ka karɓi gyara da taimako, domin maki yana tashi. Amma idan ka ci amana, babu jarrabawar da za ka sake zama ka maido da ita.