Yadda Tabawa Mai Tukwane Ta Jawo Mana Gumi

Dalilin da ya sa gari yake ɗaukar zafi haka kafin a yi ruwa, har mutum ya rasa inda zai sa kansa, shi zan faɗa muku yau, jikokina. Ku bar safa da marwa ku zauna nan gindin mangwaro, ɗaki ya fi nan zafi.

A zamanin da, ruwan sama ba ya sallama. Babu gumi, babu iska, babu tsawa. Kana zaune rana na haske, sai kawai ka ji shaa, kamar an juye maka randa a ka.

To, a wani gari na ƙasar kurmi da ake kira Kwarin Ɗinya, akwai wata mai ginin tukwane, sunanta Tabawa. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya, ko tuwo a tsaye take ci. Wata shekara ta yi mako bakwai tana ɗebo yumɓu daga bakin rafi, tana kwaɓawa, tana gini. Ta jera tukwane da tuluna a tsakar gida su bushe kafin ta gasa su. Ta juya ke nan za ta ɗauko kara, ruwa ya sauko. Kafin ta kai ga tukunyar farko, duk sun narke sun koma laka. A ran nan kuma rafi ya cika farat ɗaya, ya tafi da wankin mata, saura kaɗan ya tafi da matan ma.

Tabawa ta nufi ƙofar mai gari Barau, jikinta duk laka.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wane irin baƙo ne wannan da yake faɗowa gidan mutane ba sallama?"

Ya ce, "Tabawa, ruwa ne fa. Wa ya taɓa kai ƙarar ruwa?"

Ta ce, "To, ni zan fara."

Bayan garin akwai wani dogon dutse da gajimare ke kwanciya a kansa. Tabawa ta ɗaura zane ta hau. A can ƙololuwa ta tarar da wata tsohuwa zaune kusa da wata ƙatuwar randa. Ita ce Inna Marka, mai rabon ruwa. Randar ta tsage, tana ta yoyo, tsohuwa na toshewa da tsumma. Gefe kuma 'ya'yanta uku ne, manya duka, suna zaune ba aikin yi.

Tabawa ta gaishe ta, ta faɗi kukanta. Sannan ta dubi randar ta ce, "Inna, zan gina miki sabuwa wadda ba ta yoyo. Ke kuma in za ki zo garinmu, ki riƙa aiko da sallama."

Inna Marka ta yarda. Tabawa ta gina randa, ta gasa, ta kai mata. Tsohuwa ta ce daga yau za ta riƙa tura autanta, Tsawa, ya yi gaba ya sanar.

Tsawa yana da murya, amma shiririta ta yi masa yawa. Sai ruwa ya fara zuba sannan ya tuna da aike, ya fasa ihu, jarirai su firgita, awaki su tsinke igiya. Tabawa ta sake asarar tukwane. Ta koma dutse.

"Inna, sallamar da aka yi bayan an shigo gida, ai ba sallama ba ce."

Sai Inna Marka ta ƙara da 'yarta, Iska. Ita kuwa Iska gaggawa gare ta. Da gudu take shigowa gari, ta yaye jinka, ta kwashe faifai da shanya, ta kifar da tulunan da ta zo ceto. Ko numfashi ba ka gama ba uwarta ta iso.

Tabawa ta kasa zama, ta kasa aiki. In ta ɗauki yumɓu sai ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ajiye. Ranar nan ta sake hawa dutse.

"Inna, ni kwanaki nake so. A faɗa mini tun da wuri, in kintsa a tsanake."

 Tsohuwa ta nuna babban ɗanta, wani jibgegen ƙato da ke kwance yana numfashi da ƙyar. Ta ce, "Sai dai Gumi. Ba ya gudu, ba ya ihu. Amma 'yar nan, in ya zauna, ba mai tayar da shi sai ni. Je ki ki yi shawara da mutanen garinku."

Tabawa ta ce, "Ba sai na yi shawara ba. Turo shi."

Gumi ya gangaro a hankali, ya zauna daram a kan Kwarin Ɗinya. Ganye ya daina motsi. Kaji suka buɗe baki, karnuka suka zaro harshe. Fura ta yi tsami tun kafin azahar. Ƙuraje suka feso wa jarirai a wuya, suna ta kuka, ba sa karɓar nono. Tsofaffi suka riƙa jan tabarma daga wannan inuwa zuwa waccan. Mutum ya yi wanka, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Maƙwabtan da ba su taɓa sa-in-sa ba suka yi cacar baki a kan guga.

Ita ma Tabawa ba ta huta ba. Ranar farko ta kwashe tukwane ta kai ɗaki. Ruwa bai zo ba. Washegari ta fito da su, ta ga gabas ta ɗan yi duhu, ta mayar. Haka ta yi ta shiga da fita. Sai a rana ta huɗu Iska ta iso, Tsawa ya biyo baya, Inna Marka ta sauko da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gumi ya tashi, gari ya yi sanyi. Ko tukunya ɗaya ba ta lalace ba.

Amma bayan kwana biyar Gumi ya dawo. Mutane suka taru a ƙofar mai gari. Barau ya kira Tabawa, yana share zufa da hularsa.

Ya ce, "Tukwanenki sun tsira, mu kuma muna dahuwa. Ke kika ɗauko shi, sai ki mayar da shi."

Tabawa ta hau dutse cikin zafin nan, rai a ɓace. Ko gaisuwa ba ta yi ba ta ce, "Inna, janye ɗanki. Wannan ba ɗan aike ba ne, annoba ce."

Fuskar Inna Marka ta yi baƙi ƙirin. Ta ce, "Ɗan nawa ne annoba? Na ce ki yi shawara, kika ƙi. 'Ya'yana sun saba da hanya, ba za su koma zaman banza ba. Kuma tunda bakinki ya kai nan, ji da kyau. Wata rana zan turo su duka ukun, ku kwashe kaya, ku tara bokitai, ni kuma in wuce wani gari."

Tabawa ta durƙusa tana ba da haƙuri. Tsohuwa ta juya mata baya. Haka ta sauko, ta faɗa wa mai gari abin da ya faru, shi kuwa ya ci gaba da fifita da hularsa.

Shi ya sa har yau ruwa ba ya zuwa sai Gumi ya riga shi ya gasa mu, sai Iska ta watsa mana shanya, Tsawa kuma har yanzu bai daina makara ba. In kuwa kun ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, an yi ta rugugi, sannan ya watse ko ɗigo bai sauka ba, to Inna Marka ce ta tuna da maganar Tabawa.