Murfin Kwalba Biyu

Wallahi ba za ku yarda ba, amma ku karanta.

Akwai wani Auta, gwanin tsokana, wanda ya ajiye karatu a aji biyar don a cewarsa ya fi malamansa kai. Yayarsa ce ta samo masa aikin wanke kwalabe a ɗakin binciken da take aiki.

Shekara uku tana fama da bincike kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar tana da wani furotin da ke riƙe mata siffa, kamar sandunan rumfa. Yaya ta sha wuya kafin ta cire ƙwayar gadon da ke ƙera shi, don ta ga ko cutar za ta iya shiga jini ba shi. A kwalba ɗaya tak ta dace. Ta sa mata jan murfi, ta gama-gari kuma shuɗi.

Wata safiya Auta ya leƙa madubinta na duba ƙwayoyin cuta ya ce, "Yaya, ni fa a wata guda zan gama wannan."

Ta ce, "Gama sakandare tukuna, Farfesa."

Abokan aikinta suka yi dariya. Tana fita, ya musanya murafen.

Ranar ce ta ware don adana aikinta. Ta sa mai jan murfi a firiza. Mai shuɗi kuwa, tunda irinta sun cika ɗakin, ta tuttula mata ruwan kashe ƙwayoyi.

Bayan wata biyu ta farfaɗo da ajiyarta gaban shugabanta. Ƙwayoyin suka fito garau, da furotin ɗinsu, kamar ba a cire musu komai ba. Aka fara raɗa cewa ƙirƙirar sakamako ta yi.

Auta bai san komai ba. Suna cin abinci gaban Umma ya ce, "Masu digiri, har yau ba a gane wasan murfina ba?"

Yaya ta ajiye cokali. "Wane murfi?"

Tana tsaye a kaina yanzu. Ta ce in daina ɓuya bayan "wani". To, ni ne. Gobe zan maimaita gaban shugabanta, in miƙa makullina na ɗakin binciken. Sunanta zai wanku, amma shekara ukun sun bi rariya. Tun ranar ba ta ƙara ce mini Auta ba, sai "kai".

Darasi: Abin da ba ka san wahalarsa ba, kada ka yi wasa da shi. Ku tura wa masu hali irin nawa tun ba su taɓa murfin wani ba.