Babba ke Gaba

Ga ta nan, ga ta nanku, a kan keke ta zo!

Ta sauko mu ji ta.

Dabbobi suka shirya tseren keke, wanda ya ci, rijiyar daji tasa ce. Kura ta rantse in ta ci, ba mai shan ruwa.

Kurege ya ji iska na busowa daga gaba, ya rusuna ya ce, "Yaya Kura, ai babba ke gaba."

Ta ce, "Yaro mai ladabi."

Kura ta yi ta fama da iska, shi kuwa ya laɓe bayanta yana hutawa. Dab da rijiya ta fara haki, Kurege ya wuce ta fit.

Ta ce, "Ina ladabin?"

Ya ce, "Yana nan, Yaya. Ruwan na kowa ne, babba ke fara sha."

Ƙurunƙus, kan kusu bisa sirdi.