Fetur a Rijiyar Namadi

Akwai wani dattijo a Bagudo mai suna Namadi, wanda duk abin da ya mallaka a duniya gidan haya ɗaya ne a bayan tashar 'yan kabu-kabu. Ba gona, ba fansho. Ƙuruciyarsa ta ƙare a dakon buhuna a bakin iyakar Benin har bayansa ya sage, ɗan abin da ya tara kuma ya zuba shi a ɗakuna huɗu na bulo. Shi da matarsa Atika suna raɓe a ɗaki guda a gidan gado, hayar nan ce cinsu da shansu.

Gidan ba wani kyau gare shi ba, gaskiya. Rijiyar tsakar gidan ce darajarsa. Da bazara rijiyoyin unguwa kan ƙafe, ita ko gezau. Kuma kun san halin matanmu, in an je duba gidan haya, rijiya suke fara leƙawa kafin ɗaki.

Wani tela mai suna Badamasi ne a ciki da iyalinsa, shekara da shekaru. Kafin damina shi ke hawa ya toshe yoyon kwano, shi ke kiran masu yasar rijiya, bai taɓa cewa a cire masa a haya ba. Aibinsa ɗaya, wani lokaci yakan makara da biya sai ɗinkin Sallah ya shigo. Wannan ɗin kuwa shi ke ci wa Namadi rai.

Ana nan sai ga Maliki, saurayi mai sabon babur da ƙamshin turare. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Namadi.

"Baba, gidanka nika so, duka. Abin da tela ke ba ka zan ninka, in ninka kuma. In sefa kake so, kuɗin Benin, sefa zan ba ka."

"Iyalinka za ka sa?"

"A'a, 'yan kaya ne. Sai dai ba ni son shige da fice."

To, wa ya rasa sanin kayan? Lokacin fetur na da arha a nan, yana tsada a tsallake, jarkoki kawai kake gani suna bin hanyar daji a bayan babura. Namadi ya sani sarai, ya ƙi tambaya don kada a ba shi amsa.

Atika ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Badamasi bai yi muna komi ba. Gidan mutane ne ka gina, ba rumbun mai ba."

"Ke mi kika sani? Mutunci za mu dafa mu ci?"

Namadi ya aika wa tela cewa ya tashi daga gidan. Badamasi ya zo da hularsa a hannu. "Baba, ka bari ko damina ta wuce. Yarana ƙanana ne, ina zan kai su cikin ruwan ga?"

"Gidana ne ko naka?"

Kai, wallahi wannan magana ko ni da nake ba ku labarin tana yi mini zafi. Badamasi ya juya ya tafi haɗa kaya. Ya ɗaure kekensa na ɗinki a kan a-kori-kura, ya kwashe iyalinsa suka koma Kamba wurin danginsa.

Maliki ya ƙara wa katanga tsawo, ya canza ƙofa. Namadi ya yi sabuwar riga, ya fara cin tsire da la'asar. In maƙwabta suka ce masa suna jin wari, sai ya ce hassada ce. Ko sau ɗaya bai taka cikin gidan ba. Wai tunda mutum ya biya, me zai je nema?

Ashe Maliki ramuka ya haƙa a tsakar gida, ya binne tsofaffin ganguna don ɓoye mai, wasu dab da bakin rijiya.

Da aka cire tallafin mai, sana'ar ta mutu murus. Maliki ya tsallaka iyaka, wayarsa ta daina shiga. Namadi ya jira har ya gaji, sannan ya sa aka fasa kwaɗo.

Warin ne ya fara marinsa. Bango ya yi baƙi, siminti duk an farfasa shi. Ya wuce kai tsaye bakin rijiya, ya zura guga. Ruwan ya fito da maiƙo yana ƙyalli a kai. Ya ɗanɗana, ya tofar, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Gangunan sun yi tsatsa sun huje, ƙasa ta sha mai ta ƙoshi. Ya kira masu yasa, suka kwashe ruwan tas, sabon da ya ɓuɓɓugo ma haka yake. A karo na biyu wanda ya shiga sai da aka jawo shi a sume. Daga nan ko nawa ka ba su, ba mai shiga.

Masu neman haya suna zuwa. Miji ya tsaya yana duba ɗaki, matar ta leƙa rijiya, ta ja mayafinta ta yi waje. Wata ma cewa ta yi ko ashana ba za ta ƙyasta a gidan ba, balle ta hura murhu. Namadi ya rage kuɗi, ya sake ragewa, shiru. Ya sa gidan a kasuwa, dillalai suka taya ƙasa da kangon fili. Sabuwar rigar tuni ta tafi a awon masara.

Da abin ya ci tura, ya haɗiye kunya, ya hau mota zuwa Kamba. Badamasi ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura.

"Badamasi, na cuce ka. Ka dawo, ko ba ka biya komi ba, gidan dai shi samu mutane."

"Baba, na yafe maka tun tuni, Allah shaida. Amma in na dawo, mi yarana za su sha?"

Namadi ya sunkuyar da kai. Ya ajiye furar, ya yi sallama ya kama hanyar gida.

Bai daɗe da dawowa ba maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa, wai su ma ruwansu ya fara canza ɗanɗano. Aka yanke a tone gangunan, a cike rijiyar. Ba shi da abin biyan leburori, don haka da bayan nan nasa da ya sage ya riƙa turo baro yana juye ƙasa a ciki. Atika na tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa, hawaye na zuba.

Da ya juye na ƙarshe ta ce, "Malam, babu ko tsaba a ɗaki. Yau mi za mu ci?"

Ya saki baron, ya zauna a kan ƙasar da ta binne rijiyar.

Darasi: Ya kai mai gidan haya, ɗan haya mai riƙe maka gida da amana ya fi mai ninka maka kuɗi. Ka tambayi abin da za a yi da gidanka kafin ka miƙa makulli, ka riƙa shiga kana dubawa da idonka. Garin neman gira ake rasa ido. Ku tura wa duk mai gidan hayar da kuka sani, tun kafin wani Maliki ya durƙusa a gabansa.