Fikafikan da Suke Rage Gudu

A wata ƙasa mai duwatsu an yi wani mutum, matuƙin ƙaramin jirgin sama, wanda yake ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka zuwa asibiti. Jirginsa yana da ƙananan fikafikai masu motsi, a rataye bayan manyan, da 'yar tazara a tsakani. Da su yake karkata jirgin. Ko ya rage gudu ƙwarai, suna kama iska, jirgin yana jin hannunsa. Amma iska tana tokare su, sai tafiya ta yi nauyi, mai ya yi ta ƙonewa.

Abin ya hana shi sukuni. Duk jirgin da ya wuce shi, sai ransa ya ɓaci. Ya je wurin tsohon makanikensa ya ce, "Baba, cire mini waɗannan. Sa mini irin na kowa, masu lafewa a jikin fiffike."

Tsohon ya ce, "Ɗana, gudu kam za ka yi. Amma filayen da kake sauka gajeru ne."

Ya ce, "Ni dai a cire."

Aka cire. Jirgin ya riƙa tsaga iska, mutumin yana murna.

Ana nan sai aka kira shi wani ƙauye a bisa dutse, wata mace ta kwana biyu tana naƙuda. Nan da nan ya isa. Da ya rage gudu zai sauka, jirgin ya fara tangaɗi, ya ƙi jin hannunsa. Da ya ƙara wuta, sai ya wuce filin. Sau huɗu yana kewayawa, mutane a ƙasa suna ɗaga masa hannu. Daga bisani ya juya bai sauka ba. Aka ɗauki matar a kan gadon kara, tafiyar wuni guda zuwa asibiti. Ta rayu, jaririn bai rayu ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Fikafikan nan su ne addu'a, da haƙuri, da tsayawa a saurari mutum. Gaskiya ne suna rage mana gudu, wasu kuma za su wuce mu. Amma Ubangiji ya aiko mu wurin masu wahala, kuma ba a isa gare su a guje. Kai da kake ƙosawa a cikin makon nan, me kake shirin cirewa? Kafin ka cire, ka tuna akwai mai jiran saukarka.